Kyaftin Gaborit da Agwagwar Inna Léontine

"Ku ɗaure mini ido da gyale, ku ɗora ni a kan kekena, ku juya ni kamar kaza a kan wuta. In ban kai ku teburin Inna Léontine tun agwagwa na cikin tukunya ba, ku rataye keken nan a gona ya riƙa korar tsuntsaye!"

Firmin Gaborit ke nan, a gidan shan gahawa na dandalin garinmu, yana dukan tebur har kofuna suna rawa. Kyaftin ake ce masa. Kada ku tambaye ni wa ya naɗa shi. Mutumin nan bai taɓa sa kakin soja ba, bai taɓa tuƙa ko kwalekwale ba. Katifa ya yi rayuwarsa yana sayarwa, har ya tsufa ya sayar da shagon ya sayi keke. Keke kuwa irin wanda ake ɗagawa da ɗan yatsa. Ya cire ƙararrawa saboda nauyi, ya cire madubi saboda nauyi, ya aske gashin ƙafafunsa tas wai don kada iska ta riƙe shi. Tumbinsa ne kaɗai bai ga dalilin ragewa ba, ga shi nan a gabansa cikin matsattsiyar riga ja kamar an cusa kabewa a safa.

Ni ce Odile Charrier. Na koyar a makarantar firamaren garin nan har na yi ritaya, kuma rabin masu furfurar da kuke gani a kasuwa ni na koya musu riƙe alƙalami. Ba na son hayaniya. Amma an cuce ni, kuma ku za ku yi mini alƙalanci.

Ƙungiyarmu ta masu keken Lahadi a da cika titi take yi. Yanzu mu huɗu muka rage: ni, da Josiane mai kantin magani, da tsoho Anselme wanda ya girme mu duka kuma ba ya magana sai dole, sai shi Sarkin Katifa. Duk ƙarshen lokacin zafi mukan bi kwarin kogin Charente mu je cin agwagwa a gidan abincin Inna Léontine. Bana kuma ta aiko cewa gwiwoyinta sun gaji, wannan ce tukunyarta ta ƙarshe, daga ita ta rufe gida. Kun dai san halin mutanenmu a kan abincin rana, Inna Léontine kuwa ta fi kowa. Ƙararrawar coci na buga ƙarfe biyu take kashe wuta. Ko shugaban ƙasa ne ya zo bayan nan, ruwa zai sha ya koma.

Hanyata ce muke bi tun fil azal: gefen kogi, ƙarƙashin inuwar itatuwa, a haye gada, a sauka a ƙofar gida. Ba hawa, ba gangara, ba wanda ya taɓa makara.

"Hanyar 'yan makaranta ke nan, Malama," in ji Gaborit. "Saura kawai ki sa mu jera biyu-biyu mu riƙe hannu. Ni na gano wata. Mu yanke ta kan tudu, mu faɗo daidai jirgin fito na sarƙa, mu ja kanmu mu tsallaka. Gidan Inna yana nan a ɗaya gaɓar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa."

"Ka taɓa bin ta?" na tambaye shi.

"Da idona na bi ta a taswira. Mutum irina ba sai ya taka ba."

Josiane ta ce tana son ganin sabon wuri. Anselme ya ɗaga kafaɗa, Gaborit ya ce wannan amincewa ce. Dokar ƙungiya kuwa a fili take: mai usur shi ke gaba, kuma ba a rabuwa a hanya. Ni na rubuta dokar da hannuna, don haka ba ni zan karya ta ba. Na cire usur daga wuyana na miƙa masa. Ya busa shi a cikin gidan gahawa har karen mai gidan ya shige ƙarƙashin kujera.

Ranar Lahadi muka tashi da sanyin safe. Kafin mu motsa sai da ya bincike kekunanmu kamar ɗan kwastan.

"Gora biyu, Josiane? Hamada za ki? Ajiye ɗaya. Anselme, wannan burodin fa? Agwagwa na jiranka kana cika ciki da gari? Malama, famfon iska har wannan tsawo? Sanda ce ta dukan yara?"

"Famfona yana inda yake," na ce. "Taɓa shi ka gani."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, farkon tafiyar ya yi daɗi. Gonakin inabi hagu da dama, shanu suna kallonmu, ba mota ko ɗaya. Gaborit na gaba yana busa usur a kowace kwana, ko da kuwa ba kowa sai hankaka.

Sai muka iso gindin tudun. Ga allo a tsaye mai hoton mota tana watsa tsakuwa. Duk mai hawa keke a ƙasar nan ya san ma'anarsa: an zuba sabuwar kwalta, an barbaɗa tsakuwa a kai, an bar wa rana da tayoyin jama'a su ƙarasa aikin.

"Firmin," na ce, "karanta allon can."

"Na karanta, Malama, ko kina so in maimaita a bayanki? Hoton me ke jiki? Mota. Mu motoci ne? Ku biyo ni!"

Muka bi shi. Rana ta riga ta narka kwaltar. Kafin mu kai rabin tudun tayoyinmu sun koma kamar an mirgina su a riɗi, tsakuwa na tsalle tana harbinmu a ƙwauri. Josiane na zagi ƙasa-ƙasa da sunayen magunguna. Shi kuwa gogan ya miƙe a kan feda zai nuna mana yadda zakarun tsere ke hawa tudu, sai muka ji fuuus. Tayar baya ta sace. Ya nemi sauke ƙafa ya tsaya, takalmin tsere irin mai maƙalewa a feda ya ƙi fita, ya tafi gefe a hankali, cikin natsuwa, kamar itacen da aka sare. Da ya tashi, askakkun ƙafafun nan sun sha kwalta da tsakuwa tun daga idon sawu har cinya.

"Gwaji nake yi," ya ce. "Ina duba laushin hanya saboda ku mata."

"To ya ka same ta?" Josiane ta tambaya.

Ya laluba aljihun bayansa, ya laluba ɗaya, ya sake laluba na farkon. Ba famfo. Ya bar shi a gida saboda nauyi.

"Malama Odile... sandar nan taki."

"Wace sanda?"

"Haba, Malama."

"A ajina ana cewa don Allah."

Ya ce don Allah. Na sa ya sake faɗa don Anselme ya ji, tunda kunnensa ɗaya ba ya aiki sosai.

Kafin a gama liƙe taya rana ta hau sosai, kuma gora ɗai-ɗai da ya bar mana ta ƙare ƙaf. Ƙauyen da ke kan tudun ba kanti a buɗe, ba kowa a titi, tagogi duk a rufe. Amma mai keke ba ya mutuwa da ƙishi a ƙasar nan muddin akwai maƙabarta, domin kowace tana da famfon ruwa a bayan ƙofa na masu ban-ruwan furanni. Shiga ake yi shiru, a cika gora, a fita shiru.

"Ku ba ni gorunan," in ji Gaborit. "Shugaba ke shayar da rundunarsa."

Ya tura ƙofa ya shige. Takalman tseren nan masu ƙarfe a ƙasa suna ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar akuya a kan kwano. Sai a lokacin muka gane inda mutanen ƙauyen suka tafi. Duk suna ciki, cikin baƙaƙen kaya, sun kewaye kabari, Fada, limamin coci, na tsakiyar addu'a. Kowa ya waiwayo. Mai hankali zai cire hula ya ja da baya. Gaborit ya cire hular kwano, ya rungume goruna huɗu a ƙirji, ya ci gaba da ƙwas-ƙwas har sahun gaba. Dole muka jingine kekuna muka bi shi muka tsaya a baya, don ba a juya wa jana'iza baya a ƙauye.

Wani dattijo, magajin garin ne, ya ga baƙo ya zo har bakin rami da gumi, ya ɗauka daga nesa ya taso. Ya matsa masa ya ce a hankali, "Sannu da ƙoƙari. In kana da wata kalma kafin a rufe, ga wuri."

Na rufe ido. Na san an gama da mu. Ba a taɓa miƙa wa Firmin Gaborit taron jama'a ya mayar ba.

"'Yan'uwa," ya fara, "yau hanya ta yi rashin gwarzo. Sau nawa muka hau tudun nan tare, ni da shi, kafaɗa da kafaɗa! Namiji ne da ba ya sauka daga sirdi. Ya sha ce mini, Kyaftin, in ban da kai da ban san daɗin keke ba..."

Ya yi ta zuba. Ya ba da labarin ranar da suka tsere wa guguwa, da ranar da ya goya marigayin a baya ya haye dutse. Har hawaye ya matso. Jama'a sun yi tsit, wasu sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na girgiza. Na ɗauka kuka ne.

Da ya tsaya shan iska, wata mata mai baƙar hula ta ce, "Malam, uwata ce a ciki. Eulalie Pineau, mai awaki. Ba ta taɓa hawa keke ba. Kare ma take sakar wa masu keke, don suna firgita mata dabbobi."

"Ita ce ta cije ni... karenta, wato," in ji Anselme daga baya. Maganarsa ta farko ke nan tun safe.

Wani ya fashe da dariya, Fada ya rufe baki da littafi, sai maƙabarta ta ɗauka gaba ɗaya. Ita 'yar ma sai da ta share ido ta ce da uwar na ji da ta tashi ta bi shi da tsintsiya. Duk da haka sai da muka bi layin gaisuwa muka sha hannu da dangi ɗaya bayan ɗaya, tun daga 'ya'ya har surukan jikoki. Muna fita na lura gorunan suna hannunsa yadda ya shiga da su, babu ko ɗigo.

Daga nan gangara ce har kogi. Muka sauko kamar an koro mu. Kuma ga shi, ban ƙi gaskiya ba, gidan Inna Léontine na nan a ɗaya gaɓar. Muna hango teburinmu a ƙarƙashin itacen goro na Turawa, da farin ƙyalle, da faranti huɗu. Iska kuma ta kwaso ƙamshin ta kawo mana har hanci: kitsen agwagwa, tafarnuwa, dankali yana soyuwa. Josiane ta haɗiye yawu har na ji ƙararsa.

Jirgin fiton ɗan dandamali ne na ƙarfe, ba matuƙi, ba inji. Sarƙa ce aka ja daga gaɓa zuwa gaɓa, masu hawa su ke jan kansu da hannu. A jikinsa an rubuta da manyan baƙaƙe: mutum uku da kekunansu.

"Uku, Firmin," na ce. "Mu huɗu ne. Wannan lissafin 'yan aji ɗaya ne."

"Sawu biyu? Agwagwa ta huce? Ai sun rubuta ne don masu kekunan ƙarfe. Nawa ba a ƙirga shi, iska ce. Ku hau!"

"Ba keken ake ji ba," in ji Josiane tana kallon kabewar tumbinsa.

Ya busa usur. Muka hau. Ya tsaya a goshin jirgin, ya tofa yawu a tafi, ya kama sarƙa yana ja yana ba kansa kirari. Muka yi gaba, muka yi gaba, har muka kai tsakiyar kogi. Sai girrr, jirgi ya tsaya cak.

Ya ja. Shiru. Muka haɗu mu huɗu muka ja. Ko motsi. Muka gwada komawa baya, nan ma haka.

"Sarƙa ce ta sarƙe a ƙasa," ya yanke hukunci. "Na san irin wannan. Kada wanda ya motsa! Nan ne wuri mafi zurfi a duk Charente. Akwai ramin da ya taɓa haɗiye tarakta da direbanta."

Ruwan kore ne shar, ba a ganin ƙasa, kuma cikinmu ba mai iyo. Muka tsaya kamar gumaka, kowa riƙe da kekensa. Inna Léontine ta fito da ludayi a hannu, ta sa tafi a goshi.

"Odile! Me kuke yi a can? Kifi kuke kamawa?"

"Mun maƙale, Inna!"

"Wa ya kawo ku ta nan? Gada ta rushe ne?"

Mu uku muka nuna shi da yatsa. Ta girgiza kai ta koma ciki ta kira 'yan kwana-kwana.

Ba su daɗe ba, da jiniyarsu da komai. Samari huɗu na sa-kai, shugabansu Cyprien, wanda na yi fama da shi shekara biyu a aji uku kafin ya yarda bakwai sau takwas ba hamsin ba ne.

"Malama! Ina wuni, Malama! Akwai wanda ya ji ciwo?"

"Babu! Ka zo ka fitar da mu, Cyprien!"

"Ruwa na shiga?"

"A'a!"

"To alhamdu, ba gaggawa. Sai mun hura kwalekwalen roba, kuma injin hurawar na ɗaya motar. An tafi ɗaukowa."

Inna Léontine ta dubi hasumiyar coci, ta dubi tukunyarta, ta dubi samari huɗu majiya ƙarfi suna tsaye ba aikin yi. Na ga tunanin yana shigarta tun daga nesa.

"Inna, kada ki yi!" na yi ihu.

"Agwagwa ba ta jira, Odile! In ta wuce lokacinta ta zama takalmi. Ba zan rufe gidana da ɓataccen girki ba. Ku zauna, 'ya'yana."

Suka zauna. A teburinmu. A kujerata Cyprien ya zauna, ya soka farin ƙyalle a wuya, ya ɗago cinyar agwagwa, cinyar da na shekara ina mafarkinta, ya nuna mini ita cikin ladabi.

"A yi haƙuri, Malama! Don kada ta lalace ne!"

"Zan tuna da kai, Cyprien!"

Gaborit dai tun ɗazu yana ta bayani a kan igiyar ruwa da yadda ya taɓa ceto wasu 'yan Holan a teku. Amma da ya ga an juye dankali a faranti na huɗu, nasa ke nan, sai bayanin ya tsaya.

"Ba zan tsaya ina kallo ba," ya ce. "Zan yi iyo in jawo ku. In ban dawo ba, ku gaya wa matata na mutu ina shugabanci."

"Ka iya iyo?" Josiane ta tambaya.

"A jinina yake."

Ya toshe hanci, ya daka tsalle. Tamɓal! Ruwa ya watsu har fuskata. Sai ihu.

"Wayyo! Na tafi! Ramin ne! Ku jefo igiya! Cyprien! Malama!"

Yana ta dukan ruwa da hannu da ƙafa, agwagin Inna masu rai suna gudu suna ƙara. Mu kuwa wani abu muka ji a ƙarƙashin ƙafafunmu. Jirgin ya ɗago, a hankali, kamar wanda aka sauke wa kaya ya yi ajiyar zuciya. Ashe ba abin da ya sami sarƙa. Kan yashi muka zauna, kuma nauyin da ya zaunar da mu ya sauka. Anselme ya sa yatsu biyu ya ja, jirgi ya tafi sumul.

Muka wuce ta gefensa yana shure-shure. Cyprien ya taso bakin gaɓa da ƙashi a hannu, bai ko cire ƙyallen wuyansa ba.

"Baba Gaborit! Miƙe tsaye!"

"Ina nutsewa!"

"Na ji. Miƙe tsaye ka nutse!"

Ya miƙe. Ruwan iya gwiwarsa.

Muna taka gaɓa ƙararrawa ta fara bugawa. Inna Léontine ta ce ƙafarmu ta riga bugun ƙarshe, don haka ta kankare mana gindin tukunya. Josiane ta sami fiffike. Anselme ya sami dankali da romo. Ni, Odile Charrier, da na shekara talatin da wani abu ina kawo ƙungiyar nan teburin nan a kan lokaci, wuya aka ba ni. Wuyan agwagwa. Ya yi daɗi, ban ce bai yi ba, har yatsu na lasa. Amma wuya ba cinya ba ne, kuma babu wata tukunyar bayan wannan har abada.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Ya tsaya a gidan gahawar nan da ya yi cika-bakinsa, ranar kasuwa, ya ce da bakinsa hanyar Malama ta fi. Ya nemo mini usur, don nawa yana ƙasan Charente. Sannan ya je ya roƙi Inna Léontine ta koya masa girkin nan, ya tsaya a gaban murhu da kansa har sai ya fitar da cinyar da zan ci in ce ta yi. Ni kuma ba na ba da maki da arha, ku tambayi Cyprien.

Shi kuwa gogan sai da ya ƙaraso gaɓa da ƙafa, yana jan takalmi cikin laka, ciyawar ruwa na rataye a kunnensa. Ya tarar Inna ta tsaya a ƙofar kicin ta harɗe hannu.

"An kashe wuta," ta ce.

"Haba, Inna! Ko romo? Ni ne fa na kawo su. Ni ne Kyaftin!"

Ta dube shi daga hular kwano har laka. Ta leƙa ta bayansa ta dubi jirgin, yana ɗaure a gaɓa lafiya lau da kekensa a kai.

"Kyaftin? To, ɗana, na tsufa a bakin kogin nan, amma yau na fara ganin jirgin da ya ƙi tafiya sai da kyaftin ɗinsa ya sauka."